Ƙosan Darakta

"Hajiya, daga yau na karɓi ragamar karin kumallo a gidan nan," in ji Alhaji Darakta, wanda ya ajiye aiki bayan shekara 35 amma har yanzu ba ya amsa sallamar wanda ya manta da muƙaminsa. Yana tsaye a ƙofar kicin cikin farar shadda, waya a hannu, tabarau a karan hanci.

"Alhaji, lafiya dai? Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ƙafarka a nan ba, sai ranar da ka zo neman ashana."

"Lafiya lau. Na gudanar da bincike jiya da dare, na ga wata mata a YouTube tana yin ƙosai ba tare da ɗigon mai ba. Ki duba inda kwalbar man gyaɗa ta kai a Tsohuwar Kasuwa, sannan ki tuna cewa fanshon da ake ta cewa yana kan hanya har yau ko Kwannawa bai iso ba. Dole ne a yi wa tsarin garambawul."

Jikarsa Nana, wadda ke wanke kwanuka a bakin rariya, ta ɗago kai. "Angona, ita matar a wane gari take?"

"A Ingila."

"To ai ita tana da wuta."

Alhaji bai tanka ba. Ya zuba jiƙaƙƙen wake a blanda, ya danna, ya sake dannawa, sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitila. An ɗauke wuta tun kafin kiran assalatu, kamar yadda kowa a Mabera ya sani, domin a zafin Afrilu na Sakkwato fanka ba ta tsayawa ba tare da an yi shelarta da gumi ba. Takardar kuɗin wuta ce kaɗai ba ta taɓa makara.

"A ba Nana ta kai injin markaɗe," in ji Hajiya.

"Waken Darakta ba ya bin layi. A ɗauko turmi."

"Alhaji, ba ka surfa waken ba, ga ɓawo ga hanci duk suna nan."

"Ai a cikin ɓawon ne amfanin yake, ku ne kuka daɗe kuna zubar da dukiya saboda rashin karatu."

Ya kama taɓarya ya yi daka uku, ya tsaya ya dafe ƙugu, ya ce dama aikin shugaba shi ne ya ƙaddamar, sai na ƙasa su ci gaba. Nana ta ƙarasa. Da ƙullun ya samu, ga shi nan tsaki-tsaki, sai Alhaji ya yanka albasar Wurno guda biyu, ya zuba attarugu, ya ƙara busasshen zogale da garin ƙuli-ƙuli, sannan ya zaro dabino daga aljihu ya jefa.

"Har da dabino a ƙosai?"

"Wannan gudummawata ce ga ilimi, ko matar Ingila ba ta kai nan ba."

"To kawo in buga maka ƙullun. Idan ba a buge shi sosai iska ta shiga ba, ba zai tashi ba."

"Ba a bugun kowa a ƙarƙashin shugabancina, Hajiya. Da lallashi na riƙe ma'aikata, da lallashi zan riƙe wake."

Tun da babu abin gashi na lantarki, aka ɗora tandar masa a kan gawayi. Hajiya ta miƙo ɗan tsumman mai domin a shafa a ramukan, Alhaji ya ture hannunta, ya ce wannan zagon ƙasa ne ga manufar shirin. Ya cika kowane rami da ludayi, ya koma gefe yana duba agogo. Ba a jima ba hayaƙi ya turnuƙe kicin, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko gobara ce.

"Gwaji ne, Malama, gwaji ne," in ji shi yana tari.

Da cokali aka fara ƙoƙarin fitar da su, aka koma wuƙa, daga ƙarshe aka aika a ɗauko sukudireba. Guda huɗu suka fito a raye, ƙasansu baƙi ƙirin, samansu ɗanye sharaf. Alhaji ya ɗauki ɗaya ya gatsa, aka ji ƙas, ya yi shiru na ɗan lokaci yana lalubar haƙorin Makka da harshe.

"Angona, ya ka ji shi?"

"Yana da nagarta. Abin da ke da nagarta ba ya narkewa da wuri. Kuma kuskure ne a kira shi ƙosai, wannan biskit ne na gargajiya, wanda matafiyi zai iya kai wa har Illela ya dawo da shi bai lalace ba."

Sai ga almajiri a zaure yana roƙon ko ɗan ƙanzo. Alhaji ya fita da kansa, ya zuba masa sauran ukun a roba, ya tsaya yana jiran ra'ayin jama'a. Yaron ya gatsa, ya duba abin, ya duba Alhaji, sannan ya miƙa masa cikin ladabi.

"Baba, ni bara na zo yi, ban yi laifin komai ba."

"Yaro ne, harshensa bai waye ba," in ji Alhaji bayan ya dawo. Ya laluba aljihu, ya rage murya. "Nana, karɓi naira 500 ki je wurin mai ƙosan bakin titi. Ba ci zan yi ba, samfur nake so domin in kwatanta."

Aka kawo samfur da zafinsa, da ɗan yaji a takarda. Alhaji ya zauna a tabarma da kofin kokon Hajiya, yana ci yana fitar da kura-kurai: na farko mai ya yi masa yawa, na biyu ya cika laushi, na uku kuwa babu wani tunani a cikinsa. Bai tsaya ba sai da ya bincike na ƙarshe, ya lashe yajin.

"Sakamako ya nuna muna kan hanya. Gobe za mu shiga kashi na biyu, wato masar fura da Nescafe. A jiƙa gero, a tanadi tanda."

"Alhaji, tandar nan ta maƙwabta ce, aro na yi, kuma yanzu zan mayar musu."

"Tandar da na saya miki da hannuna?"

"Ita fa. Nana, ɗauki ki kai, ki ce kada su buɗe ƙofa ko da ni ce na aiko."