Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba

Har yanzu raina a ɓace yake kan maganar da aka yi a zamanmu na daren Alhamis. Waɗanda muka zauna tare sun ji da kunnensu, sauran kuma kun riga kun san abin da ya sami ƙanena a intabiyun neman aiki da ya yi a unguwar Ulayya ta Riyad, nan Saudiyya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne dattijo da furfurarsa ya dubi yaro ya ce saƙon ƙorafin da ya tura wa dillaliyar da ta haɗa shi da kamfanin rashin kunya ne, wai baƙo ba ya ɗaga murya a garin mutane. Alhaji, ina ganin girmanka, amma wallahi ba ka yi wa yaron nan adalci ba.

Wace murya ya ɗaga? Ni na karanta saƙon kafin ya tura. Da godiya ya fara. Sannan ya ce ƙarfe 10 aka sa masa, ba a kira shi ba sai wajen 11, kuma babu wanda ya leƙo ya ce masa yi haƙuri. Ya ce takardar da ta aiko masa ta nuna aikin kula da layukan sadarwar kwamfuta ne, shi ya sa ya yi kwana uku yana bitar darussan CCNA, wato jarrabawar shaidar ƙwarewa a wannan fanni, amma rabin tambayoyin kan rubuta manhaja da Java aka yi su. Ya kuma ambaci wurin da injiniyan ya tambaye shi na'ura nawa za a iya ba adireshi a layin sadarwa mai girman da ake kira /24. Yaro ya ce 254, mutumin ya ce a'a, 256 ne, ya wuce bai bari ya yi bayani ba. Duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san 256 jimilla ce. Adireshin farko na layin ne kansa, na ƙarshe kuma da shi ake yi wa duk na'urori shela, saura 254 ke nan. Yaron ne da gaskiya, kuma aka rage masa maki a kanta.

Abin da ya fi burge ni, bai ɓoye nasa laifin ba. Ya rubuta cewa tambayar OSPF, wato tsarin da na'urori ke bi wajen zaɓar hanyar tura bayanai, ta kayar da shi, bai amsa ta yadda ya kamata ba. Wanda ya faɗi inda ya gaza kafin a tambaye shi, shi ne mara kunya?

Ku gane wani abu. Matar nan ba ta cikin ɗakin. Ba injiniya ba ce, aikinta haɗa mai nema da mai ɗauka, kuma kamfani ne ke biyan ofishinsu idan an ɗauki mutumin da ta kawo. Abin da zai dawo mata daga can layi ɗaya ne: bai dace ba. Ita kuma ta rubuta a gaban sunansa cewa ba shi da ƙwari, gobe in wani aiki ya fito ta tsallake shi. Jibi ta tura wani da irin takardar nan mai kuskure, shi ma ya ɗauki hutun rabin rana, ya shiga jirgin ƙasan Riyad da sassafe, ya je ya sha abin da ƙanena ya sha. Wa zai gaya mata takardarta da abin da ake tambaya a ɗakin sun saɓa? Injiniyan da bai san 254 ba? Wanda ya zauna a kujerar ne kaɗai ya gani, in ya yi shiru babu mai faɗa.

An ce za a sa sunansa a baƙin littafi. Wane littafi? Wa ya taɓa ganinsa? Dillali mai hankali kuɗinsa yake tsarewa, kuma wanda ya nuna masa inda cinikinsa ke lalacewa ya yi masa alheri. In kuwa ta ji haushin saƙo mai ladabi irin wannan, dama can ba ta hannunta arzikinsa zai zo ba.

An ce haƙuri maganin zaman duniya. Haka ne, kuma yaron ya yi shi. Ya zauna kusan awa guda bai ce uffan ba. Aka gyara masa amsar da ke daidai, ya haɗiye. Ya fito ransa na tafasa, na ce masa kada ya taɓa waya sai ya kwana. Washegari ya rubuta layi takwas, ita kaɗai ya tura wa, bai je LinkedIn ya kira sunan kamfanin ba, bai zagi kowa ba. Wannan shi ne haƙurin. Manzon Allah (SAW) ya ce addini nasiha ne, kuma ban taɓa jin an cire mai neman aiki daga cikin masu yin ta ba.

Na san daga ina tsoron yake fitowa, ba kuma zan raina shi ba. Iyayenmu sun yi zamanin da iƙama, wato takardar izinin zama, da fita da shiga duk suna hannun kafili, mai ɗaukar nauyin baƙo, kalma ɗaya za ta iya mayar da mutum gida da jakarsa. Tun da aka kawo Niɗaƙat, tsarin da ya wajabta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, a 2011 kuma gurbin baƙi a kamfanoni a ƙidaye yake, kowa na riƙe da nasa da hannu biyu. Amma tun watan Maris na 2021 ma'aikacin kamfani da ya cika shekara guda zai iya sauya wurin aiki ta Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, ba sai kafili ya yarda ba, duk da dai dokar ba ta haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba. Balle ma wannan kamfanin ba kafilinsa ba ne. Ba su da komai nasa a hannu. Me ya sa za mu ɗora wa yaro tsoron da ba nasa ba?

Ni ma nakan zauna a kujerar masu tambaya a wurin aikina. Wani ɗan Sudan ya taɓa aiko mana ta hannun dillali cewa mun sa shi gyara matsala a allo alhali mu biyu muna ta magana a kansa. Ya yi mini zafi ranar, amma gaskiya ya faɗa, kuma tun daga nan ba mu sake yi wa kowa haka ba. Da ya yi shiru da har yau muna yi.

Af, masu aiko mini takardunsu daga Kano da Maraɗi suna cewa za su shigo da bizar Umara su nemi aiki, don Allah ku daina. Bizar Umara da ta ziyara ba a aiki da su, in an kama mutum tara ce da kora. Ku fara intabiyun ta intanet daga gida, ku ga kwantiragi da idonku, kuma in sana'ar da za a rubuta muku ta injiniya ce, ku tanadi shaidar karatunku don rajistar hukumar injiniyoyin Saudiyya, saboda iƙamar na rataye da ita.