Habu Ganda ta ƙone, ba mu da hoton rumfar Kawu ko ɗaya

Jiya a fada, wurin hirarmu da shan shayi, wani abokina ya sake yi mini tambayar da na saba ji. Ya ce, "Malam, kai da girmanka da iyalinka, me kake nema a bakin kogi da sassafe, kana ɗaukar hoton kwale-kwale da tsuntsaye? Ko wani aiki aka ba ka?" Da zuciya ɗaya ya yi tambayar, ni ma na amsa masa a gurguje don shayi na biyu ya riga ya sauka. Amma da na koma gida maganar ta ƙi fita daga raina, shi ya sa na ce bari in shimfiɗa ta a nan, mai haƙurin karatu ya karanta.

Ba wanda ya ba ni aiki, kuma ban taɓa sayar da hoto ba. Kyamara ma ba ni da ita, wayar hannuna ce, wadda ta shekara uku a aljihuna. Asalin tafiyar likita ne ya ɗora mini ita, da ya auna ya ga jinina ya hau, ya ce in riƙa taka ƙasa ko da rabin awa ne kullum. Sai na mayar da ita bayan sallar asuba: in fito daga unguwar Yantala a nan Yamai, in gangara hanyar bakin kogin Kwara, in bi ta gefen lambuna har in hango gadar Kennedy, in juyo. Makon farko ina tafiya kamar mai biyan bashi, ido na kan agogo. A mako na biyu ne na tsaya ɗaure igiyar takalmi, na ɗago kai, na ga wani masunci tsaye a kan jirginsa ya wurga birgi, ta buɗe a sama kamar faifai, rana tana fitowa ta bayansa. Hannuna ya kai aljihu tun kafin in yi tunani. Hoton bai yi kyau ba, ya karkace, mutumin ya fito baƙi ƙirin. Yana nan a wayata har yau.

Shekara 22 ke nan da na baro Tawa na zauna a Yamai. A cikinsu na ƙetare kogin nan sau ba adadi, a taksi, a faba-faba, a kan babur, amma ban san shi ba sai da na fara bin gaɓarsa a ƙafa. Ban san cewa sau biyu yake cika a shekara ba. A watan Agusta da Satumba ruwan yakan zo ja wur, mai laka, ruwan damina ne da ƙoramu irin su Sirba da Dargol da Gorouol suke kwararo masa daga ɓangaren Burkina Faso. Sai ya ɗan ja baya. Can cikin sanyi, wajen Janairu zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwa ba ya sauka a ƙasarmu, sai ka ga ya sake tumbatsa, wannan karon ruwan ya fi tsabta. Wannan ruwan tun daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa fadamun Mali yana tafiyar hawainiya wata da watanni kafin ya iso mana. In Mayu ta kama kuma sai tsibiran yashi su fito, shanu su shiga har tsakiya, yara su mayar da wurin filin ƙwallo. Dattawan bakin kogi suna ba da labarin 1985, shekarar da ruwan ya tsaya cak a Yamai saboda fari. Akwai wata bishiyar giginya da nake tsayawa kusa da ita duk ranar Juma'a in ɗauki hoto daga wuri guda, fuska guda. Idan na jera hotunan shekara ɗaya, sai ka ga kogin yana numfashi, yana kumbura yana saɓewa. Ɗiyata ta kai su makaranta ta nuna wa ƴan ajinsu, yaran da aka haifa a garin nan suka yi ta mamaki.

To amma ba kogin ba ne ya sa na riƙe abin nan da muhimmanci. Kawuna ne, Allah ya jiƙansa.

A wurinsa na sauka lokacin da na zo garin nan. Albasar Galmi yake sayarwa a Ƙaramar Kasuwa, wadda Zabarmawa ke kira Habu Ganda. Rumfarsa ƴar ƙarama ce, buhuna a jingine, tabarma, buta, da wata rediyo da ya ɗaure da roba. A nan na ci tuwon rana na watanni, a nan na fara tsintar Zabarmanci, a nan ya ƙirgo kuɗi daga lalitarsa ya biya mini hayar ɗakina na farko. A 2012 gobara ta cinye kasuwar, kuma ba ta sake komawa yadda muka san ta ba. Kawu bai daɗe sosai bayan nan ba ya koma gida, can ya rasu. Bara autansa, wanda yake yaro ƙarami lokacin gobarar, ya ce mini, "Yaya, don Allah in kana da hoton Baba a rumfarsa ka turo mini, ina so in ga inda ya nemi abin da ya ciyar da mu." Na bincika akwati, na kira ƴan uwa na Tawa da na Konni. Mun samu hoton Kawu da babbar riga ranar Sallah, mun samu na ranar sunan ɗansa, mun samu na katin ɗan ƙasa. Na rumfa babu. Wurin da mutum ya yi sama da shekara ashirin yana zama daga safe har magariba, ko hoto ɗaya. Yaron ya ce ba komai, amma na ji yadda muryarsa ta sauka.

Ra'ayina ke nan, kuma na daɗe ina juya shi: mu mutane ne masu son hoto, amma hoton kwalliya kawai muke ɗauka. Duba wayar kowa a cikinmu. Biki, suna, Sallah, walima, sabuwar shadda, sabuwar mota. Ba laifi ba ne, farin ciki abin ajiyewa ne. Sai dai ranakun biki ba su kai goma ba a shekara, sauran ɗari uku da hamsin da wani abu fa? Uwa tana tankaɗe, uba yana ɗaure kaya a bayan keke, mai shayin bakin layi, maƙerin kasuwar Katako da ke mayar da tsohuwar ganga ta zama murhu ko akwati, majeman unguwar Gamkalle da hannuwansu suka rine, raƙuman da ke shigowa gari da zana da tabarmi a doronsu. Muna ganin waɗannan ba su isa a ɗauka ba saboda kullum suna nan. Habu Ganda ma kullum tana nan, har daren da ta tashi.

Kuma garin nan yana sauya fuska da sauri fiye da yadda muke lura. Daga 1970 har shekara arba'in gada ɗaya ce tak a kan kogin. A 2011 aka buɗe ta biyu, a 2021 ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché. Babbar Kasuwa da muke shiga yau ba ita ce ta iyayenmu ba, waccan ta ƙone a 1982, aka sake gina wannan. Taron Tarayyar Afirka na 2019 ya zo da manyan otal-otal da sababbin tituna, unguwar Plateau ta zama wata iri. Ambaliyar 2020, da ruwan kogi ya kai mita 7 a ma'auni, ta rusa gidajen ƙasa a Lamorde da Kirkisoy da Saga, iyalai da yawa ba su koma inda aka haife su ba. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye gari ya tare mana ƙura, yau ka je ka ga yadda gine-gine suka cinye shi ta ko'ina. Ko sunaye ma suna canzawa, titin da muka sani da De Gaulle tun 2024 sunansa Djibo Bakary. Wani canjin alheri ne, wani asara ne, ba wannan nake aunawa ba yau. Abin da ke damuna shi ne idan jikanka ya ce ka nuna masa yadda unguwarku take, me za ka ɗauko?

Idan muna neman hoton tsohon Yamai, yawanci sai mun koma ga abin da baƙi suka ɗauka, su kuma abin da ya ba su mamaki suka ɗauka, ba abin da ya dame mu ba. Shi ya sa nake ganin girman aikin marigayi Philippe Koudjina, wanda ya yi ta yawo da kyamararsa a garin nan a shekarun 1960 da 1970 yana ɗaukar samari da ƴan mata da wuraren hirarsu. A lokacin wa ya ɗauke shi mai rubuta tarihi? Yau da hotunansa ake ganin wancan zamani. Shi sai da ya sayi fim, ya shiga ɗaki mai duhu ya wanke. Mu kuwa kowa na yawo da kyamara a aljihu.

Na san akwai ƴan uwa da ke ƙyamar hoton mai rai saboda fahimtarsu ta addini. Ina girmama su, ba kuma zan ja da su ba, fagen malamai ne. Amma kogi da bishiya da ginin ƙasa da ƙofar gidan kakanka suna nan, ana iya ajiye su. Masu cewa zaman banza ne kuwa, ina tuna musu cewa iyayenmu ma suna da abin da suke yi don ransu ya huta. Wani tantabaru yake kiwo, wani doki, wani dara yake bugawa a gindin bishiya bayan la'asar, wani ɗan lambu ne a bayan gida da ba ya sayar da ko ganye ɗaya. Ba wanda ya ce da su marasa aikin yi. Mu ne muka wayi gari muna ganin duk abin da ba ya kawo jaka to ɓata lokaci ne, alhali muna kashe awa uku muna murza waya a kan rigimar mutanen da ba mu sani ba.

Akwai kuskuren da na yi wanda dole in faɗa, don kada wani ya karanta wannan ya fita yana cusa wa mutane waya a fuska. A watannin farko na ga wani dattijo mai wanki a bakin ruwa, ya ɗaga zane sama zai maka a kan dutse, ruwa na tartsatsi, hasken safiya na dukansa. Na ɗauka ban yi sallama ba. Ya ajiye zanen, ya tako har inda nake, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, da ka tarar da mahaifinka ba riga, ƙafa cikin laka, wani ya ɗauke shi bai tambaye shi ba, za ka ji daɗi?" Kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, na yi laifi, ka gafarce ni," na goge hoton a gabansa. Daga ranar na riƙa tsayawa muna gaisawa. Sai bayan wajen wata biyu shi da kansa ya ce in ɗauke shi, amma in bari ya sa hularsa. Na kai aka wanke mini a takarda na kawo masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zai aika wa ƴaƴansa a ƙauye, su ga inda kuɗin hatsi ke fitowa. Maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, don kusan ita ce maganar autan Kawu.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka. Sallama kafin waya. Matar mutum ko ɗan mutum ba na ɗauka sai da izini bayyananne, kuma ko an ba ni izinin ɗauka, ba shi ne izinin sakawa a Facebook ba, wannan tambaya ce daban. Almajiri da mabaraci da mara lafiya ba abin ado ba ne a shafina. Masu tsayawa kan hatsarin mota suna ɗaukar wanda ke kwance cikin jini su watsa a WhatsApp tun kafin uwarsa ta ji labari, wallahi abin nan yana ƙona mini rai, ku ji tsoron Allah ku daina. Wuraren jami'an tsaro da fadar shugaban ƙasa da filin jirgi kuwa, halin da ƙasa ke ciki ya isa ya sa kowa ya mayar da wayarsa aljihu, ni ko gada zan hau haka nake yi.

Wanda yake son farawa, abin da na koya bai da yawa. Haske shi ne komai: daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe takwas, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Rana tsaka tana ƙona hoto, ta zuba wa mutum inuwa a ido. Ka bar rana a bayanka ko a gefenka. Ka goge gilashin kyamarar da bakin riga, ƙurar garin nan ita ce rabin abin da ke sa hoto ya yi dishi-dishi. Kada ka ja hoto da yatsa don ya matso, yana fashewa, ka taka da ƙafarka. Ranar hazo kada ka zauna a gida, a ranar ne rana ke zama kamar farin faranti, kwale-kwale ya yi kamar yana shawagi a sama.

Abin da ya fi duk wannan shi ne ajiya. Na taɓa rasa hotunan wata takwas da wayata ta faɗa ruwa, cikinsu har da na wani gidan ƙasa mai zanen ƙofa da aka rushe daga baya. Yanzu duk ƙarshen wata ina kwashewa in zuba a kwamfuta da kuma wani katin ajiya daban. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, don haka ba ma'ajiya ba ce. Waɗanda suka fi shiga raina ina kai su a wanke, in juya bayan takardar in rubuta wuri da rana da sunan mutumin in ya yarda, don hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, bayan shekara talatin ba mai iya ba da labarinsa.

Yanzu ga roƙona, shi ne ma dalilin da ya sa na yi wannan dogon rubutu. Duk wanda yake da hoton cikin Habu Ganda kafin gobarar 2012, musamman layin masu albasa da kayan miya, ko a tsohon album ne, ko ya yi dishi-dishi, ko wani kuka ɗauka kasuwar ta fito a bayansa, don Allah ya ɗauke shi da waya ya turo mini ta saƙo. Ku tambayi iyayenku mata, su ne suka fi shiga wurin. Kawu dogo ne, baƙi, yana yawan sa farar hula, rumfarsa tana da rediyo rataye a jikin ginshiƙi. Ko bai fito a ciki ba ina so, in nuna wa yaron layin da mahaifinsa ya zauna.