Ganyen China da ciwon damuwa: shaidar ɓera ba ta wadatar ba

Duk wanda ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro na zamani ya ci moriyar ganyen China. Daga tazargade masaniyar China Tu Youyou da abokan aikinta suka tatso sinadarin artemisinin a 1972, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Saboda haka ban raina masu binciken da ke neman irin wannan nasara a kan ciwon damuwa ba. Gaggawar masu talla ce ke damuna.

Cikin haɗe-haɗen da ake yawan gwadawa akwai Xiao Yao San, wanda ake sha tun zamanin tsohuwar daular Song ta China. Kayansa takwas ne, har da citta da na'a-na'a. Bincike a kan ɓeraye ya nuna yana iya rage kumburi a ƙwaƙwalwa, ya sassauta sinadaran da jiki ke zubarwa lokacin fargaba, ya kuma ƙara sinadarin BDNF, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su riƙa haɗuwa da juna. Madalla. To amma yaya ake gane ɓera ya warke? A wani sanannen gwaji, jefa shi ake yi cikin gilashi mai ruwa wanda ba mafita, a duba tsawon lokacin da zai yi yana fafutuka kafin ya saki jiki. In ya daɗe yana iyo, sai a ce magani ya yi aiki. Ina wannan, ina matar da ta yi watanni ba barci, abinci ya fita ranta, tana ganin rayuwarta ba ta da amfani?

An gwada a kan mutane ma, sai dai yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, tsarinsu kuma da rauni. Ga shi ba a tantance wanne cikin sinadaran haɗin ke yin aikin ba.

Kuma ganye yana cutarwa. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka samu ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka yi kuskuren sa wa wani tsiro mai guba da ake kira Aristolochia. Ita kanta saiwar zaƙin da ke cikin Xiao Yao San tana tayar da hawan jini idan ta yi yawa.

A ci gaba da bincike, a bi da shi ta hanyar da aka bi da tazargade. Kafin nan, mai shan maganin damuwa na asibiti kada ya ajiye shi saboda kwalin da ya saya a kasuwa, kada kuma ya haɗa biyun sai likitansa ya duba abin da ke ciki.