Maganar siram ɗin gida mai hana tamoji

Ƴan uwana mata dan Allah mu tsaya mu yi maganar nan ta haɗa siram a gida, wato ruwan gyaran fata da ake shafawa a fuska, don yanzu ko ina kika leƙa a TikTok ko Instagram sai ki ga wata ta zuba abu uku a kwalba ta girgiza tana cewa cikin sati guda fuskarki za ta ɗame. Ni ban ce kar a haɗa ba, amma abin yana damuna yadda ake wasa da fuska haka.

Abin da ke riƙe fata ta tsaya kyam shi ne kolajin, wani furotin da ke can ƙasan fata, shekaru na tafiya yana raguwa, rana kuma tana ƙara cinye shi. To masu zuba garin kolajin a siram su sani ƙwayoyinsa sun yi girman da ba za su ratsa fata su isa can ba, iyakarsa ya zauna a sama ya sa laushi. Farin ƙwai ma haka, wannan ɗamewar da kike ji bushewa ce kawai, kina wanke fuska ta tafi. Ruwan lemun tsami kuwa wallahi ki rabu da shi, tsaminsa ya yi yawa, in kika shafa kika shiga rana yana iya ƙona fata ya bar baƙin tabo, kuma mu masu duhun fata tabo yana daɗewa bai goge ba.

Wanda aka tabbatar yana taimakawa shi ne bitamin C, amma fa ɗan rigima ne. Ana so ya zama kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ma'aunin tsaminsa wato pH ƙasa da 3.5, kenan sai da ƙaramin sikeli da takardar gwajin pH, ba a auna shi da cokali ko da ido. Iska da haske suna lalata shi da wuri, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu a ajiye a firji, da kin ga ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa to ya tashi aiki, ki zubar.

Babban abin da ba sa faɗa a bidiyon, duk haɗin da ruwa ya shiga ko alobera, in babu sinadarin hana lalacewa ƙwayoyin cuta da fumfuna suna hayayyafa ciki tun kafin ido ya gani, ke kuma kina shafawa kusa da idonki kullum. Bitamin E ba ya wannan aikin, mai kawai yake hanawa ya yi wari. Don haka a haɗa kaɗan na ƴan kwanaki, da tataccen ruwa da kwalba mai tsafta, a fara gwadawa a fatar damtse ta ciki kafin a kai fuska.

In laushi kike nema, giliserin da hayaluronik asid sun isheki, suna jan ruwa fata ta cika ƙananan layuka su ɗan ɓoye. Amma rage tamoji na gaske aikin dangin retinol ne, wato wani nau'in bitamin A, da man kariya daga rana mai SPF (ma'aunin ƙarfin kariyarsa) 30 ko sama da haka kullum, su kuma ba a haɗa su a kicin. Mai juna biyu ta nisanci retinol gaba ɗaya, wadda fatarta ke saurin kumburi ko ƙaiƙayi kuma ta fara ganin likitan fata kafin ta taɓa ko wanne.