Wanda Ya Tafi Jinya a Wasan Hoki, Wa Ke Riƙe Masa Gurbinsa?

Akwai wata magana da masu horar da 'yan wasa suke yawan faɗa a gaban 'yan jarida, wai ɗan wasa ba ya rasa gurbinsa don kawai ya ji rauni. Duk wanda ya daɗe yana bibiyar gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara da ƙungiyoyi 32 na Amurka da Kanada ke fafatawa a cikinta, ya san cewa maganar ta fi daɗi a baki fiye da yadda take a aikace. Gaskiya ce ga manyan taurari, amma ga sauran 'yan wasa, waɗanda su ne mafiya yawa, ranar da likita ya ce sun warke ita ce ranar da wata sabuwar gwagwarmaya take farawa. Ni ban ga laifin a ce wanda ya dawo daga jinya sai ya sake nuna cancantarsa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda tsoron rasa gurbi yake sa matasa su ɓoye ciwo, da kuma yadda ƙungiyoyi suke amfana da wannan tsoron alhali suna faɗar akasinsa.

Sai an fahimci yadda guraben suke kafin a gane zafin lamarin. Kowace ƙungiya tana da damar riƙe 'yan wasa 23 a jerinta, amma 20 ne kawai suke sa riga a ranar wasa, wato 'yan gaba goma sha biyu da 'yan baya shida da masu tsaron raga biyu a mafi yawan lokaci. 'Yan gaban an raba su layi huɗu na mutum uku-uku, kowane layi yakan shiga fili na kimanin daƙiƙa 45 ya fito, wani ya karɓa. Saboda saurin wasan, mutanen da ke layi ɗaya sai sun san juna har kowa ya gane inda ɗan'uwansa zai nufa ba tare da ya ɗaga kai ba. Idan ɗaya daga cikinsu ya ji rauni, aka ɗauko yaro daga ƙaramar gasa ta AHL ya cike gurbin, kuma layin ya fara cin ƙwallaye, to da wuya koci ya so wargaza shi. Mai jinya kuwa yana can yana atisaye shi kaɗai, daga baya ya shiga cikin abokansa sanye da riga mai launi daban wadda ke nuna cewa kada kowa ya bangaje shi, har ranar da za a cire masa ita. A wannan rana dole a rage mutum ɗaya daga jerin, kuma ba kullum ne wanda ya zo aro yake komawa ba.

Babu labarin da ya fi bayyana wannan kamar na masu tsaron raga biyu, Marc-André Fleury da Matt Murray, a ƙungiyar Pittsburgh Penguins. Fleury shi ne ɗan wasan da aka fara zaɓa a zaɓen matasa na 2003, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, kuma shi ne ya tare harin ƙarshe a daƙiƙun ƙarshe na wasa na bakwai a Detroit lokacin da ƙungiyar ta ɗauki kofin Stanley, kofin zakaran gasar, a 2009. A kakar 2015 zuwa 2016 ya ci wasanni 35, yana cikin ganiyarsa, sai ya samu buguwa a kai a ƙarshen watan Maris, karo na biyu ke nan a kakar. Murray yana da shekara 21 a lokacin, wasanni 13 kacal ya taɓa yi a babbar gasa kafin a shiga zagayen neman kofi, inda ƙungiyoyi biyu ke karawa har sai ɗaya ta ci wasanni huɗu cikin bakwai. Yaron ya tsaya a raga ya yi abin da ba a zata ba, ƙungiyar ta fitar da New York Rangers, ta fitar da Washington Capitals. Da Fleury ya warke sai ya tarar da kansa a benci yana kallo. Koci Mike Sullivan ya ba shi damar fara wasa sau ɗaya tak, a karawa ta biyar da Tampa Bay, bayan kusan wata biyu bai fara wasa ba. Aka ci su a ƙarin lokaci, Sullivan ya mayar da Murray, kuma da shi suka doke San Jose suka ɗauki kofin a watan Yuni.

Shekara ta zagayo, sai al'amarin ya juya. A 2017 Murray ya ji rauni a wajen motsa jiki, ana dab da fara wasan farko na zagayen neman kofi da Columbus, aka ce Fleury ya shiga. Ya ci wasanni tara, ya fitar da Columbus, ya hana Washington cin ko da ƙwallo ɗaya a wasa na bakwai a gidan Washington ɗin. Da a ce ƙa'idar ita ce mai zafin hannu shi ke ci gaba da tsaron raga, kamar yadda aka yi a shekarar da ta gabata, da Fleury ne zai ƙarasa gasar. Amma a wasa na uku da Ottawa aka zura masa ƙwallaye huɗu tun a kashin farko cikin kashi uku na wasan, Murray kuwa ya riga ya warke, sai Sullivan ya cire Fleury, bai kuma sake fara wa Pittsburgh wasa ba. Murray ya rufe gasar da wasanni biyu a jere ba a ci shi ko ɗaya ba a karawarsu da Nashville. A bikin ɗaga kofi Fleury da hannunsa ya miƙa wa Murray kofin, kwanaki kaɗan bayan haka sabuwar ƙungiyar Vegas Golden Knights ta ɗauke shi.

Ba zan ce Sullivan ya yi kuskure ba, domin kofi biyu a jere hujja ce da ba a jayayya da ita, kuma aikin koci shi ne ya ci wasan da ke gabansa. Abin da nake so a lura da shi shi ne cewa a 2016 an ce wa Fleury wanda ke taka rawa shi ke riƙe gurbi, a 2017 kuma aka nuna masa cewa mai gurbi yana karɓar abinsa da zarar ya warke. Ƙa'idoji biyu ne masu karo da juna, kuma mutum ɗaya ne ya sha kashi a ƙarƙashin kowacce. Hakan yana nuna cewa ba rauni ne ya yanke hukuncin ba. Ƙungiyar ta riga ta zaɓi matashi mai araha a kan dattijo mai tsadar albashi, raunin ya zama ƙofar da aka bi kawai. Fleury ya tabbatar da cewa ƙarfinsa bai ƙare ba, don ya kai Vegas wasan ƙarshe a 2018, ya kuma karɓi kyautar Vezina ta gwarzon mai tsaron raga a 2021. Shi kuwa Murray, raunuka sun bi shi, aka sayar da shi ga Ottawa a 2020, a ƙarshen 2021 ƙungiyar ta tura shi ƙaramar gasa, a 2023 kuma yana Toronto aka yi masa tiyata a ƙugu, ya rasa kakar baki ɗaya a babbar gasa. Mutumin da ya samu gurbi ta dalilin jinyar wani, shi ma jinya ce ta raba shi da nasa.

Sai a duba yadda ake yi wa waɗanda ƙungiya ba za ta iya rabuwa da su ba. Nikita Kucherov na Tampa Bay bai buga ko wasa ɗaya ba cikin wasanni 56 na kakar 2020 zuwa 2021 saboda tiyatar ƙugu, amma ranar da aka fara zagayen neman kofi ya koma layin farko, ya fi kowa maki (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci), ƙungiyar ta ɗauki kofi. Gabriel Landeskog, kyaftin ɗin Colorado Avalanche, ya ɗaga kofi a watan Yunin 2022, daga nan gwiwa ta hana shi wasa kusan shekara uku, har aka yi masa dashen guringuntsi a 2023. Ƙungiyar ba ta ba kowa kyaftin ɗinsa ba, ta bar shi ya gwada ƙafarsa a wasanni biyu da ƙaramar ƙungiyarta ta Colorado Eagles, sannan ya dawo a watan Afrilun 2025 a karawarsu da Dallas, jama'ar Denver suka tarbe shi a tsaye. Na ji daɗin dawowarsa ƙwarai, kuma haƙurin da aka yi masa shi ne daidai. Sai dai mutumin da ke da kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 56 yana da sukunin da zai ce wa likita har yanzu gwiwar tana masa ciwo, ya san babu mai taɓa masa wuri.

Ɗan layi na huɗu ba shi da wannan sukunin, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Da yawa cikin irinsu suna da kwantiragi mai fuska biyu: idan suna babbar gasa a biya su kusa da mafi ƙarancin albashi, wanda ya kasance dala 775,000 a kakar 2023 zuwa 2024, idan kuwa aka mayar da su ƙaramar gasa sai albashin ya faɗi zuwa ɗan kaso kaɗan na hakan. Aikinsu shi ne mafi haɗari, su ne masu shimfiɗa jiki a gaban ƙwallon da aka harbo da ƙarfi, su ne masu karo da mutane a jikin katangar fili. Kowannensu ya san cewa akwai mutum biyar a ƙasa da ke jiran ya yi tuntuɓe. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma ɗan wasa irin wannan ya fi kowa sanin haka. Idan ya wayi gari da jiri ko hasken fitila yana damun idonsa, lissafin da zai yi ba na lafiya ba ne. Zai tuna cewa shiga jerin masu rauni yana nufin aƙalla kwana bakwai a waje, kwana bakwai kuwa wasanni uku ne ko huɗu, sun ishi wani yaro ya ci ƙwallo biyu ya shiga zuciyar koci.

Al'adar wasan ma tana ƙara wa wutar itace. A 2013 ƙwallo ta karya wa Gregory Campbell na Boston ƙashin ƙafa, ya miƙe ya ci gaba da kare gida na kusan minti ɗaya kafin ya fita, har yau ana nuna hoton a matsayin jarumta. A wannan shekarar dai abokin wasansa Patrice Bergeron ya buga wasan ƙarshe da Chicago da karyayyen haƙarƙari da gocewar kafaɗa, bayan wasan aka kwantar da shi a asibiti saboda huhunsa ya huje. Ina girmama juriyarsu, amma saƙon da matashi yake ɗauka daga irin wannan yabo shi ne cewa mai faɗar ciwonsa rago ne. Ƙashi yana ɗoruwa, ƙwaƙwalwa kuwa ba haka take ba. Sidney Crosby, wanda ya fi kowa daraja a gasar a lokacin, ya sha bugu a kai ranar 1 ga Janairun 2011, ya sake shiga fili bayan kwana huɗu ya ƙara shan wani, bai dawo ba sai watan Nuwamba, kuma ciwon ya sake kwantar da shi har zuwa Maris na 2012. Idan an iya barin Crosby ya koma fili da wuri haka, me ake zaton zai faru da wanda ba kowa ya san sunansa ba? A 2018 hukumar gasar ta amince ta biya kusan dala miliyan 19 don sasanta ƙarar da tsofaffin 'yan wasa sama da 300 suka shigar kan raunin kai, ba tare da ta amsa laifi ba.

An samu gyara, ba zan musa ba. Tun 2016 akwai masu lura daga ofishin gasar da ke da ikon sa a fitar da ɗan wasa a duba shi idan suka ga alamar buguwa a kai, kuma doka ta ba da damar a tura wanda ya daɗe bai yi wasa ba ƙaramar gasa na ɗan lokaci, da yardarsa, don jikinsa ya saki. Amma mai lura yana ganin bugun da aka yi a bainar jama'a ne kawai, ba ya ganin ciwon kan da ke tashi da dare a ɗakin otal. Wannan sai ɗan wasa ya faɗa da bakinsa, ba zai faɗa ba kuwa muddin faɗar tana nufin asarar aikinsa.

Don haka abin da nake gani shi ne ƙungiyoyi su daina alkawarin da ba sa cikawa, su yi wanda za su iya cikawa. Ba dole ne a mayar wa mutum gurbinsa har abada ba, amma wanda ya ji rauni yana yi wa ƙungiya aiki ya cancanci a ba shi wasanni da dama a jere bayan ya warke kafin a yanke masa hukunci, domin wasa ɗaya bayan wata biyu a kwance, irin wanda aka ba Fleury a 2016, bai isa ya zama ma'auni ba. Ya kamata kuma albashinsa na babbar gasa ya ci gaba na wani lokaci bayan dawowarsa ko da an tura shi ƙasa, don kada gaskiyar da ya faɗa wa likita ta taɓa abincin iyalinsa. Sannan hukuncin ko mutum ya warke bai kamata ya tsaya a hannun likitan da ƙungiya ke biya shi kaɗai ba. An ga illar hakan a 2021, lokacin da Jack Eichel ya nemi a yi masa wata irin tiyata a wuya, Buffalo Sabres ta ƙi, kuma yarjejeniyar 'yan wasa da hukumar gasar ta ba ƙungiya maganar ƙarshe. Aka yi watanni ana ja-in-ja, aka karɓe masa kyaftin, daga bisani aka sayar da shi ga Vegas a watan Nuwamba. Can aka bar shi ya yi tiyatar da ya zaɓa, ya dawo fili a watan Fabrairun 2022, ya kuma ɗauki kofin Stanley da su a 2023.