Wa ake gwaji a kansa da "sinadarin bincike"?

A jikin ledar wasu kayan maye da ake sayarwa da sunan "sinadarin bincike" sukan rubuta cewa ba na sha ba ne, na bincike ne kawai. Mai sayarwa ya san sha za a yi, mai saye ma ya san abin da ya kawo shi. An yi rubutun ne don a kauce wa hukuma.

JWH-018, wani sinadari da ake haɗawa mai kwaikwayon aikin wiwi, ya isa misali. Haruffan daga sunan John W. Huffman suka fito, masanin sinadarai da ya yi aiki a Jami'ar Clemson ta Amurka, wanda ɗakin bincikensa ya haɗa ɗaruruwan irinsa don gane yadda wiwi ke aiki a jiki. A 2008 aka gano shi a Jamus, an fesa shi a busasshen ganyen da ake sayarwa da sunan Spice.

Masu sha suna ɗauka wiwi ce, kuma nan ne abin ya fi tayar mini da hankali. A ƙwaƙwalwa akwai wata makama da masana ke kira CB1. THC, sinadarin da ke bugarwa a wiwi, rabi-rabi yake motsa ta, yana da iyakar da ba ya wucewa. JWH-018 da danginsa kuwa murɗa ta suke yi har ƙarshe. Bayan hanta ta narka shi ma, wasu ragowarsa na ci gaba da aiki a wurin. Shi ya sa ake ganin farfaɗiya, da rikicewar bugun zuciya, da lalacewar ƙoda, wani lokaci har rasa rai. Feshin kuma ba ya zuwa daidai: leda guda, wani gefen ya fi wani dafi.

A Yulin 2016, mutum 33 suka fita hayyacinsu a unguwa ɗaya a Brooklyn da ke birnin New York na Amurka. AMB-FUBINACA ne sanadi, sabon samfurin irin waɗannan sinadarai da ba a gwada a jikin ɗan Adam a asibiti ba. Su ne aka yi gwajin a kansu.

Haramta su ɗaya bayan ɗaya aikin baban giwa ne, domin ana hana wannan sai a ɗan sauya masa zubi ya dawo da sabon suna. Birtaniya ta yi haramcin bai ɗaya a kan irin waɗannan kayan maye a 2016, Sin ta hana dangin wannan sinadari kacokan a 2021. Ina goyon bayan hakan. Gaskiya ne yana wahalar da masu binciken ƙwarai, amma su a ba su lasisi cikin sauƙi, a kuma wadata asibitoci da kayan gano waɗannan sinadarai, tunda gwajin fitsari na yau da kullum ba ya kama su.