Tsutsar hanta a gaɓar Mekong ta fi ƙarfin ƙasa ɗaya

Jama'a, duk sanda na tuna da mutanen gaɓar kogin Mekong da ke kudu maso gabashin Asiya sai raina ya sosu. A Khon Kaen da ke arewa maso gabashin Tailan, ciwon dajin hanyar maɗaciya ya yi yawan da da wuya a ga irinsa a duniya, kuma tushensa wata 'yar tsutsa ce mai suna Opisthorchis viverrini. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Ga yadda take yawo. Mai ɗauke da ita ya yi bahaya kusa da ruwa, ƙwanta ya shiga cikin dodon koɗi, daga nan ta koma jikin ƙananan kifaye. Manomi ya dawo daga gonar shinkafa, a yanka masa ɗanyen kifi da lemon tsami da barkono, abincin da suke kira koi pla, wanda ya gada kaka da kakanni. Lemon tsami ba ya kashe ta. Sai ta samu wuri a hanta ta yi shekara da shekaru, mutum ba ya jin komai, ranar da idonsa ya yi rawaya galibi bakin alƙalami ya bushe.

Maganin tsutsar akwai, praziquantel, kuma yana aiki. Amma wanda ya sha yau, gobe ya koma kan akushinsa, tsutsa ta dawo. Karnuka da kyanwoyi ma suna ɗauke da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyaka. Mutanen yankin Isan, wato arewa maso gabashin Tailan, da na Lawos harshensu kusan ɗaya, tukunyarsu ɗaya, kogi ne kawai a tsakani. Kifi na ƙetarawa daga wannan kasuwa zuwa waccan, ɗanye da wanda aka tsima. To in Tailan ta yi wa mutanenta magani, Lawos da Kambodiya da Biyetnam ba su bi sahu ba, an yi tufka ana warwara ke nan. A ganina wajibi ne su haɗa bayanan asibitocinsu, su riƙa gwada kifin kasuwannin kan iyaka, su sa lokacin rabon magani ya zo ɗaya.

Ba kuma daga sama za a faro ba. A tafkin Lawa da ke lardin Khon Kaen, Farfesa Banchob Sripa na Jami'ar Khon Kaen da abokan aikinsa sun haɗa magani da koyarwa a makarantu da masu sa kai na ƙauye, ba tare da wulaƙanta abincin mutane ba, tsutsar kuwa ta ragu ƙwarai a jikin mutane da kifi. Wannan aikin nake so in ga ya haye kogi zuwa ƙauyukan kudancin Lawos.